Yadda mai gidan abinci zai bi dokar hana shan taba

Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a shekarar 2015, ta haramta shan sigari a gidajen abinci, asibitoci, makarantu da motocin haya. Wanda aka kama yana busa hayaƙi a irin waɗannan wurare zai iya biyan tarar naira 50,000, ko ya sha ɗaurin wata shida, ko kuma a haɗa masa duka biyun, kuma mai wurin da ya kau da kai shi ma doka ba za ta ƙyale shi ba.

Saboda haka, ka fara da manna sanarwar hana shan taba a bakin ƙofa da bangon da kowa zai gani, da rubutu da hoton sigarin da aka soke da jan layi, domin ba kowane baƙo ne ke karanta boko ba. Sannan ka kwashe tasoshin zuba tokar sigari daga kan tebura, tunda barin su tamkar gayyata ce.

Abin da ya fi wuya shi ne tunkarar tsohon abokin ciniki da ya ciro kwali da ashana bayan ya gama cin tuwo. Ka koya wa yaran shagonka su je kusa da shi cikin ladabi, su sassauta murya su ce, “Alhaji, a yi haƙuri, doka ta hana a nan,” sannan su nuna masa waje, nesa da ƙofa da tagogi. Idan kana sayar da sigari a kanta, kada ka sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.