Yadda za ka ɗinka tutar Nijar da hannunka kafin 3 ga Agusta

Ni tela ne a Maraɗi, kuma duk shekara idan Yuli ya ja ƙarshe aikin tuta yake cika mani tebur: mai shago yana son ta bakin rumfa, maigida yana son ta ƙofar zaure, ɗan kabu-kabu yana son ƙarama ta ɗaurawa a madubi. Akwai na kanti masu bugun inji, amma ruwa biyu ko uku suke sha su koɗe. Duk gidan da ke da keken ɗinki zai iya yin wadda ta fi su ƙarko, kuma na fi son a yi ta a gida saboda dalili guda. Ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kan Nijar, tana faɗowa tsakiyar babban hutu, lakwal a rufe, malami ba ya nan. In uba ko uwa ba su gaya wa yaro labarin tutar ba, ranar za ta wuce masa kamar kowace rana.

Ka fara da yadi kala uku: ruwan goro, fari, da tsanwa. Ka nemi mai ɗan roba a jiki, domin zallar auduga tana shan ruwa ta yi nauyi ta manne da sanda, ga shi kuwa Agusta tsakiyar damana ce. Kafin almakashi ya taɓa komai, ka jiƙa kowane yadi a bokitinsa daban, ka wanke, ka shanya, ka goge. Wannan matakin mutane ke tsallakewa, shi ne kuma yake ɓata aiki. Ruwan goro da tsanwa suna zuba, kuma in suka zuba bayan an haɗa, farin tsakiya ya tashi daga aiki, babu sabulun da zai dawo da shi.

Awon da aka fi ambata wa tutarmu shi ne shida bisa bakwai, wato ba ta da tsawon wasu tutoci. Ta ƙofar gida nakan yi santimita 90 a tsaye, 105 a kwance. Ƙyalle uku ke nan, kowane santimita 30, kai ɗaya, ka ƙara biyu-biyu a kowane gefe saboda cin ɗinki. A kwance ake jera su: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa. In ka tsayar da su ka ɗinka tutar Kodebuwa, ba tamu ba. Wurin haɗi ka bi sau biyu, ka kwantar da bakin ka danne shi, yadda ko ta baya aka duba ba za a ga zare yana reto ba.

Da'irar tsakiya ita ce ke nuna gwanin tela. Ka ninka farin gida biyu, ka sake ninkawa, inda layukan suka gamu nan ne cibiya. Ka ɗaura alli a bakin zare, ka kafa ɗaya bakin da allura a kan yadin ruwan goro, ka zagaya. Murfin tukunya ma yana yi in girmansa ya dace. Ni nakan ba ta faɗin santimita 24, don fari ya rage sama da ƙasa, kada ta taɓa maƙwabtanta. Guda biyu za ka yanka, ɗaya gaba ɗaya baya, ka daidaita su da allurai ka ɗaga wa rana ka ga sun hau juna kafin ka taka keke. A hankali ake bin ta, ana juya yadin da hannun hagu. Mai gaggawa ƙwai yake fitarwa.

Sai kalmasa. Gefen da iska ke kaɗawa shi ke fara zarewa, don haka ka bi shi layi uku. Ɗaya gefen ka yi masa aljihu mai tsawo wanda gora ko igiya za ta shige, ka sa ɗan alama a can sama, domin da asuba cikin duhu ana iya ɗaga ta ƙasa a sama.

Lokacin da kake wannan aiki ka zaunar da yara kusa, ka ba ɗaya riƙon awo, ɗaya zura zare. Ma'anar kalolin yadda aka koya mana: ruwan goro hamadar arewa, fari tsarkin zuciya, tsanwa ƙasar noma ta kudu irin tamu ta bakin gulbi, da'irar kuma rana. Wannan sukan haddace nan da nan. Abin da ya fi buƙatar zama shi ne yadda aka kai ga tutar.

Ka fara masu daga kusa da gida. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta keto ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu, suka yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni, kuma ƙarshen jagororin biyu ya zo ne a wajen Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, a jiharmu ta Maraɗi, inda sojojinsu suka juya masu baya. Faransa ta ci gaba da mamaya duk da haka. A 1922 Nijar ta zama ƙasar mulkin mallaka sosai, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. Kakanninmu sun sha aikin tilas da haraji, aikin tilas ɗin kuwa sai a 1946 aka soke shi.

Daga nan sai ranaku uku, kuma ina roƙon a jera su daidai. Kafin su akwai ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Janar De Gaulle na Faransa ya kawo: ko a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a fita nan take. Jibo Bakari, wanda yake jagorantar gwamnati a lokacin, da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a'a, a ba mu ƙasarmu yanzu. Jori Hamani da Bubu Hama na jam'iyyar RDA suka ce i. I ta yi rinjaye, cikin ƙasashen da aka yi ƙuri'ar Gine ce kaɗai ta fita a wannan karon. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, Jori ya karɓi gwamnati. Ranar 23 ga Nuwamba 1959 aka amince da wannan tuta, a shekarar da aka haramta Sawaba. Ranar 3 ga Agusta 1960 aka shelanta cikakken ƴancin kai. Ka ga ke nan tutar ta girmi ƴancin da wata takwas da ƴan kwanaki, kuma yara suna jin daɗin wannan lissafi in ka bar su suka ƙirga da kansu.

Kada ka cire Sawaba daga labarin don kawai ba ta yi nasara ba. Talakawa da yawa a ƙasar Hausa, ƴan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu, sun bi ta, wasu sun sha ɗauri, wasu gudun hijira. A gidaje da dama na garin nan za ka tarar kaka ɗaya ɗan RDA ne, ɗayan ɗan Sawaba. In akwai tsoho a gidanku da ya ga zamanin, ka kai yaran su durƙusa su gaishe shi, su ce, "Kaka, ina kake ranar da aka ɗaga ta?" Abin da zai faɗa masu ba ya cikin littafin lakwal.

Ranar kanta, ka kafa gorar tun da sassafe, ka sa babban yaro ya ja igiya, ƙaramin ya tallabi tutar kada ta taɓa ƙasa. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, ake haɗa wannan rana da dashen itace, don haka ka tanadi dogon yaro ko mangwaro tun jajibiri. Ka haƙa rami mai zurfin kamu guda, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka yage ledar ba tare da ka fasa ƙasar saiwa ba. Ka kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando a ranar, don awakin unguwa ba sa jiran gobe, ka kuma ɗora wa yaro guda alhakin ban ruwa idan damana ta ɗauke.

Kafin magariba ka sauke tutar. In ruwa ya taɓa ta, ka shanya a inuwa ta bushe sarai, sannan ka ninke ta da farin a ciki, ka sa a leda cikin akwati inda gara da ɓera ba sa kai wa. Za ka sake buƙatarta ranar 18 ga Disamba, lokacin iskar hunturu ce, sai ka duba kalmasar gefe tun da sauran mako ka ƙara mata layi in ta fara saki.