Yadda ake sayen tsaraba a kasuwar Khan al-Khalili cikin yini guda

Duk wanda ya je Alkahira, ko neman magani ya kai shi ko karatu ko ziyara, yakan ware yini ɗaya don tsaraba, kuma kowa ya tambaya Khan al-Khalili za a nuna masa. Tsohuwar kasuwa ce da aka kafa a shekarun 1380, zamanin Sarki Barkuk na daular Mamluk, ta ci sunan bafadensa Jaharkas al-Khalili. Sai dai da yawa daga kayan da ke jere a bakin shaguna na masana'anta ne, wasu ma shigo da su aka yi daga waje. Aikin hannu na gaske yana nan, amma sai wanda ya taka ya neme shi, kuma shi ne ya cancanci a ɗauko daga nesa.

Mataki na farko: shiri tun da dare. Rubuta sunayen waɗanda za ka yi wa tsaraba, kowa da abin da ya dace da shi da iyakar kuɗin da ka ware masa. Wanda ya shiga kasuwar nan ba takarda, ido ne zai yi masa sayayya, ya fito da fitila uku ya manta da gwaggonsa. Ka canji kuɗi zuwa fam ɗin Masar, ka nemi ƙananan takardu na 10 da 20 da 50, don ƙananan masu shago ba kasafai suke da canji ba. Ka kuma duba nauyin da tikitinka ya ba ka. Jirage da yawa kilo 23 suke yarda da shi a akwati ɗaya, tagulla kuwa nauyi gare ta.

Mataki na biyu: rana da hanya. Kauce wa Lahadi, shaguna da yawa a rufe suke. Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci kasuwa take ci. Ba a buɗewa da sassafe, don haka wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya ya isa. Ka ce wa mai tasi ya sauke ka a masallacin Husaini, kasuwar tana gefensa. In jirgin ƙarƙashin ƙasa ka hau, sauka a Ataba ko Bab al-Sha'ariyya ka ƙarasa da ƙafa.

Mataki na uku: zagaya tukuna. Sa'ar farko kada ka ciro kuɗi. Ka tambayi farashin abu ɗaya a shago uku ko huɗu. "Bikam?" shi ne nawa. Mai ja da kai kuma ka ce masa "la, shukran", wato "a'a, na gode", da fara'a ka wuce. Ka fita ta titin Mu'izz ka leƙa ɓangaren Nahhasin na masu tagulla da Sagha na masu zinariya da azurfa.

Mataki na huɗu: bambance na gaske da na bogi. A nan ne ake cin riba ko a yi asara. Ƙananan akwatunan katako masu ado da sadaf, wato ɓawon katantanwar teku, ka juya su a haske: na gaske launinsa yana sauyawa, wani wuri shuɗi-shuɗi wani wuri ruwan hoda, na roba kuwa fari ne fat iri ɗaya. Takardar bardi, wadda ake yi da wata ciyawar bakin ruwa ana zane a kanta, ɗaga ta sama za ka ga zarurrukanta sun gitta juna, a tsaye da a kwance, kuma tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Ta ganyen ayaba da ake sayarwa da arha saurin tsagewa take yi. Tagulla kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Sa ƙarami a aljihu, in ya manne a jikin faranti to ƙarfe ne aka shafa wa launi. Azurfa tana da hatimi, kuma da giram ake sayar da ita, ka sa a auna a gabanka.

Mataki na biyar: gangara Khayamiyya. In ka yi Azahar a masallacin Husaini ko na Azhar, ka ci abinci ka huta, sai ka tsallaka titin Azhar ka bi Mu'izz ta kudu, ka ratsa tsakanin gine-ginen Sarki al-Ghuri har ƙofar Bab Zuwaila, wadda aka gina a 1092. Kana fita ga wata rufaffiyar kasuwa da Ridwan Bey ya gina wajen 1650. Nan ne Khayamiyya, layin masu ɗinkin tanti, kuma a ganina shi ne wurin da ya fi cancantar kuɗinka a duk yinin.

Za ka tarar da maɗinki zaune a dakalin shagonsa ya tanƙwashe ƙafa, ƙyalle bisa gwiwa, yana yanka auduga mai launi da babban almakashi, yana naɗe bakinta da allura yana ɗinke ta a kan zane mai kauri, har fure ko rubutun Larabci ya fito. Juya bayan kayan: aikin hannu zai nuna ƙananan ɗinki da ba su daidaita sak ba, wanda aka buga da inji kuwa bayansa sumul yake. Rigar matashi ba ta da nauyi, ba ta fashewa, kuma goma ma sa shiga lungun akwati. Tsarabar mutane da yawa tana iya fitowa daga shago ɗaya.

Mataki na shida: ciniki. A cikin Khan farashin farko na baƙo ne. Ka taya ƙasa sosai, ku hau a hankali, in bai sallama ba ka yi godiya ka juya, sau da yawa zai kira ka. Haɗa kaya da yawa wuri ɗaya ya fi sa a rage. Shayin da za a ba ka bai wajabta maka saye ba, amma in ka taya aka sallama, to ka biya, janyewa a lokacin rashin mutunci ne. Ga maɗinkin da ka gani da allura a hannu kuwa, ina roƙo a sassauta. Babban zanen bango ɗaya yana iya cin makonni, bai kamata a matse shi kamar dillalin kayan roba ba.

Mataki na bakwai: abin da za ka bari, da ɗaurin kaya. Duk wanda ya kira ka gefe ya ce yana da kayan Fir'auna na asali, rabu da shi. In ƙarya ne ka yi asara, in gaskiya ne dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta haramta fita da kayan tarihi. Hauren giwa ma an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Turaren ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, ka ɗaure bakin kwalbar da leda ka sa a babban akwati. Ka riƙe rasit na azurfa da duk wani abu mai tsada saboda kwastan. Kofunan gilashi da kwalaben turare ka cusa su cikin safa, ka naɗe da rigunan matashin da ka sayo, ka sa su a tsakiyar akwati, farantan tagulla kuma a shimfiɗe can ƙasa.