Yadda ake gane tasirin masanin ƙwayar zarra

Duk ɗalibin da ya tambaye ni, shafin INSPIRE-HEP, rumbun maƙalun kimiyyar ƙwayar zarra a intanet, nake fara tura shi. Rubuta sunan masanin, ka duba maƙalunsa da yawan masu kafa hujja da su.

Amma kada adadi ya ruɗe ka. Maƙalar haɗin gwiwa ta 2015 ta ATLAS da CMS, manyan rukunonin bincike biyu a CERN (cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai), tana ɗauke da sunayen marubuta sama da 5,000. Ware maƙalun da masanin ya rubuta shi kaɗai ko da mutum biyu zuwa uku, ka karanta da kanka. Nan za ka ga ainihin tunaninsa.

Sai kuma lokaci, wanda na fi so a kula da shi. Masani Peter Higgs ya wallafa hasashensa kan ƙwayar da ake kira Higgs boson a 1964, ba a tabbatar da shi a CERN ba sai 2012.