Kurakuran da yara suka fi yi wajen daidaita kaso da rage shi

Ka ce wa ɗan aji huɗu ya kawo kason da ya yi daidai da 1/2, sau da yawa 2/3 zai rubuta maka. Ya ƙara ɗaya a sama, ya ƙara ɗaya a ƙasa, a ganinsa ya yi adalci. Wannan shi ne uban kurakuran, kuma tsawa ba ta gyara shi. Kuɗi ne ke gyarawa: rabin naira 600 naira 300 ne, biyu bisa ukunta kuwa naira 400. Yaron da ake aika kasuwa ba zai yarda daidai suke ba. Daga nan sai a nuna masa cewa ninkawa da rabawa kaɗai ke barin kaso yadda yake, kuma da lamba ɗaya ake yi, sama da ƙasa: 1/2, 2/4, 3/6, 5/10.

Wani ya san a ninka, amma sai ya ninka ta sama ya manta ta ƙasa, 2/5 ta koma 4/5. Gaggawa ce kawai. A sa shi ya riƙa rubuta ×2 a gefen kowace lamba.

Wajen ragewa, tsayawa a rabin hanya ya fi yawa. An ba shi 12/18, ya raba da 2 ya sami 6/9, ya ajiye biro. Ai 3 tana raba 6 da 9, amsar 2/3 ce. Laifin a nan har da mu masu koyarwa, don mun saba musu da 2 har suna zaton in lambobin ba su rabu da 2 ba, an gama. Shi ya sa 21/35 ke wuce su, alhali 7 na mayar da ita 3/5. A gwada 2, 3, 5, 7 kafin a tashi. Ga dabarar 3: a tara lambobin da ke cikin lambar. A 27, 2 + 7 ta ba da 9, a 45 ma 4 + 5 ta ba da 9. Tunda 9 na rabuwa da 3, to 27 da 45 duka suna rabuwa da 3.

Akwai kuma masu soke lambobin da suka yi kama. A 12/24 sai su soke 2 da 2 su ce 1/4, alhali rabi ne. Abin haushi, 16/64 in an soke 6 tana ba da 1/4, kuma daidai ne, amma dace ne kurum. Don tantance 12/24 da 1/4 a ninka a gicciye, wato ta saman kowane kaso da ta ƙasan ɗayan: 12 × 4 = 48, 24 × 1 = 24. Tunda ba su zo ɗaya ba, 12/24 ba 1/4 ba ce.