Kafin ka biya kuɗin gida ko hili a Maraɗi, ga abin da za ka bincika

Ɗan'uwa in dillali ya kira ka ya ce akwai gida a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, farashi mai sauƙi, mai shi na cikin matsuwa, kuma wai wani Alhaji na nan tahe da kuɗi daga Jibiya in ba ka yi sauri ba, to ka ja numfashi tukunna. Gida ba buhun gero ba ne da za ka soka hannu ka ga ƙwaya ka biya nan take. Mafi yawan rigimar da ke kai mutane jastis daga wannan gaggawar take farawa, mutum ya ga hotokwafin takarda da hatimi a jiki ya ɗauka shi ke nan.

Ka fara da tambayar wace irin takarda ce da gidan, don ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wadda aka fi gani cikin gari ita ce akt de sesiyon, wadda meri ke bayarwa bayan an yi lotisma an yanka hilaye, a jikinta akwai sunan mai hilin da lambar ilo, wato rukunin hilayen, da ta parsel, wato hilin kansa, da faɗin wurin. Sama da ita akwai titir fonsiye, ita kuma daga ofishin da ke ajiye rajistar ƙasa take fitowa ƙarƙashin ma'aikatar haraji, ita ce ta fi kowace ƙarfi gaban alƙali kuma ita banki ya fi yarda da ita, akwai ma mai sauƙin hanya da ake kira Sheda. Sai takardar gargajiya ta gonakin bakin gari, wadda mai gari da kwamitin ƙasa wato Kofo ke sa wa hannu bisa dokar karkara ta 1993. Wannan ta gona ce fa. In ka sayi gona da niyyar gini ka sani ranar da lotisma ta iso wurin ba lalle ka tashi da duka faɗin da ka biya ba, hanya za ta ci nata, makaranta da sauran wuraren jama'a su ci nasu.

Ko wacce aka nuna maka, ka ce a ba ka ta ainihi ka riƙe da hannunka, sannan ka tahi da ƙafarka meri, ɓangaren da ke kula da hilaye, ko ofishin da takardar ta fito in ba ta meri ba ce, a buɗe rajista a gabanka a ga sunan da ke ciki shi ne na jikin takarda, shi ne kuma na katin ɗan ƙasa na wanda ke sayar maka. Kar ka aiki dillali, kar ka aiki yaron mai gida. Ana sayar da parsel guda ga mutum biyu har uku kowa da takardarsa a aljihu, kuma ba a ganewa sai ranar da ɗaya ya kawo tifar yashi ya tarar wani ya riga ya ja katanga. In titir ce ka nemi a duba maka ko an jinginar da ita a banki, don bashin na bin gidan ne ko hannun wa ya koma.

Daga nan ka ɗauki mai awon hili, wato jewometir, ku je wurin da taswirar lotisma. A nemo bornonin nan na siminti a kusurwa huɗu, wani lokaci sai an tona yashi kafin a gan su, a auna a ga murabba'in mita 400 ɗin da aka rubuta ko 600 suna nan cif ko maƙwabci ya shigo da mita ɗaya lokacin da yake gini. Ka tabbata kuma ba hilin da aka ware wa makaranta ko asibiti ko hanya ba ne aka yanka maka. Maƙwabta da mai unguwa ka gaishe su ka tambaye su labarin gidan, wallahi abin da tsohuwar da ke kusa za ta faɗa maka cikin minti biyar ba za ka same shi a ofis ba. Ka tambaye su ruwa ma, ina yake bi da damana, wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa gidaje a garin nan a 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba, kuma tun ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa gari ya hau tudu.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne gidan gado. Babban wa ya fito ya ce shi ne babba, ƙannensa duk sun yarda, ka biya kawai. A'a. Girma ba ya ba mutum ikon sayar da rabon wani. Akwai matar mamaci da tumuninta, akwai ɗiya mata da ke gidajen aure a Tasawa ko Kano waɗanda ba a ma faɗa musu ba, akwai wanda ke Agadas ko Libiya yana nema, akwai marayu ƙanana da ba su san komi ba yau amma nan da shekara goma za su girma su tambayi gidan ubansu, kuma suna da gaskiya. Ni dai a ganina hakkin matan nan da marayu shi aka fi takewa a cinikin gidaje, kuma mai saye da ya rufe ido don ya samu araha yana da nasa kason alhakin. Ka nemi takardar da ta lissafa magada daga kotu, da takardar zaman dangi wadda ta nuna wanda suka wakilta ya sayar, in da hali kowane baligi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gabanka. Wanda ba ya gari ya aiko takardar wakilci da hukuma ta buga wa hatimi, muryar WhatsApp ba ta isa ba. Kuma in gidan ba a raba ba ne ɗaya daga cikin magada ke son sayar da kasonsa, malamanmu na Malikiyya sun ce sauran abokan tarayya suna da hakkin shufu'a, su suka fi cancanta su saya da farashin da ka biya, don haka a fara yi musu tayi.

In da ɗan haya a ciki ku zauna ku uku a san watanni nawa ya biya gaba da ranar tashi. Faktir ɗin NIGELEC da na ruwa a kawo na ƙarshe a ga babu bashi.

Sai biya. Mutane na gudun noter, wato wanda doka ta ba ikon rubuta takardar ciniki ya tabbatar da ita, saboda kuɗinsa, amma wanda zai fitar da miliyoyi bai kamata ya ji ƙyashin wannan ba, musamman gida mai titir. Ko kafin alƙalami za ka bayar a rubuta, nawa ne, yaushe za a cika, kuma in ciniki ya warware wa ke da laifi me za a mayar. A rubuta kuɗin da lamba da kuma harufa, a faɗi sefa ce ko naira tunda a nan duka biyun suna yawo kuma canji na motsi. Shaidu su zama mutanen da za a iya samu gobe, biyu naka biyu nasa, Alƙur'ani ma a ƙarshen Baƙara ya ce a kafa shaidu in an yi ciniki. La'adar dillali a yanke ta tun farko a san wa zai biya. Kuɗin kuma ya bi ta banki ko a ƙirga gaban noter, ba cikin mota bayan isha'i ba.

Kai mai sayarwa kar ka saki takardar ainihi sai kuɗi sun cika, in saura bashi ta zauna hannun noter. In gidan da iyalinka ke ciki ne ka faɗa musu tun da wuri, kuma aibin da ka sani, tsagewar bango ce ko rigimar iyaka, ka bayyana.

Da an gama kar ka kai takarda ƙarƙashin katifa da sunan tsohon mai gida a jiki. Cikin satin nan ka koma meri ko ofishin rajistar ƙasa a yi mutasiyon suna ya dawo naka, ka biya tambur da harajin da ya hau ka karɓi rasit, ka canza sunan kwantar wuta da ta ruwa, in akt de sesiyon ce gare ka ka fara bin hanyar titir. Hilin da ba a gina ba kuma ka zagaye shi ko da katangar bulo layi uku ce.