Yadda na gyara gejin mai a bas ɗin da na mayar shagon tafi-da-gidanka

Bayan na cire kujerun tsohuwar bas ɗina ƙirar Turai, na sa mata babban tankin dizal na wata motar Amurka, sai allurar mai ta fara aiki a juye: idan na cika tanki ta sauka, idan mai ya yi ƙasa ta hau. Fitilar gargaɗi kuwa ba ta kama ba har ranar da mai ya ƙare mini a hanya, injin ya sha iska, muka ɗauki awa biyu muna fitar da ita.

Da na auna na'urar cikin tankin, wadda ke sanar da geji yawan mai, da mita, na ga tana ba da om (ma'aunin turjiyar lantarki) 240 idan babu mai, 33 idan ya cika, alhali gejin motar yana aiki ne da 10 idan babu mai, 180 idan ya cika. Na sauya na'urar da wadda ta dace, na lanƙwasa sandarta mai hawa da sauka da mai daidai da zurfin tankin, na kuma kankare tsatsar da ta ci wayar da ke haɗe da jikin mota. Yanzu fitilar tana kamawa idan saura kusan lita 20.