Yadda ake lissafin ƙarfi a darasin fiziks

A fiziks, ƙarfi turi ne ko ja. Ana auna shi da niyuton, sunan da aka aro daga Isaac Newton, masanin nan ɗan Ingila da ya wallafa dokokin motsi uku a 1687. Lissafin kansa ba shi da wuya. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne gaggawar dannan kalkuleta tun ba su san wa ke turi, wa ke ja ba. Saboda haka zane ake fara yi.

Ɗauki misali: akwati mai kilogiram 10 a kan daɓe, yaro yana tura shi dama da ƙarfin niyuton 50. Zana akwatin shi kaɗai, ɗan murabba'i ma ya isa. Bar yaron a waje.

Sai ka sa wa kowane ƙarfi kibiyarsa. Ta farko ta nuna ƙasa, wato jan da duniya ke yi wa akwatin. A nan sai an kula, domin a maganar yau da kullum "nauyi" muke ce wa komai, amma fiziks ya raba abin biyu. Kilogiram 10 ɗin nan sunansa mas, yawan abin da ke jikin akwatin, kuma ba ya canzawa ko ina aka kai shi. Nauyi kuwa ƙarfi ne: ka ninka mas da 9.8, wato jan da duniya ke yi wa kowane kilogiram, ka samu niyuton 98. Kai akwatin duniyar wata, inda adadin ya koma kusan 1.6, mas yana nan yadda yake, nauyi ya faɗo zuwa niyuton 16.

Kibiya ta biyu ta nuna sama, domin daɓen yana tokare akwatin da niyuton 98, in ba haka ba da ya nutse. Ta uku turin yaron ne. Ta huɗu gogayya ce tsakanin gindin akwatin da daɓe, tana nuna hagu tunda kullum adawa take da zamewa. A ce niyuton 20 ce.

Yanzu bi kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: wane abu ne ke yin wannan turin? Duk wadda ba ta da mai ita, goge ta. Haka nan, gaskiya ne akwatin ma yana tura yaron baya da niyuton 50, kamar yadda doka ta uku ta ce, amma a jikin yaron wannan ke aiki, bai shafi zanenka ba.

Saura haɗawa. Sama da ƙasa sun kashe juna. A kwance kuwa, cire 20 daga 50, saura 30 zuwa dama. Doka ta biyu, F = ma (F ragowar ƙarfi, m mas, a ƙaruwar gudu), ta ce ka raba wannan ragowar da mas: 30 ÷ 10 = 3. Ma'ana, duk daƙiƙa gudun akwatin yana ƙaruwa da mita 3 a daƙiƙa. In da giram aka ba ka mas, mayar da shi kilogiram tukuna.

To, idan ana cikin tafiya yaron ya rage turinsa zuwa niyuton 20 fa? Da yawa za su ce akwatin zai tsaya. Ba zai tsaya ba. Ragowar ƙarfi ta zama sifili, don haka zai ci gaba da gudun da yake kai, ba ƙari ba ragi, kuma doka ta farko ke nan. Sai yaron ya cire hannu sannan gogayya za ta ci gudun har ya tsaya.